Rahoton ayyukan shekara ga mambobi: ziyarar ramukan tagulla na Mansfeld

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga abin da ƙungiyarmu ta ɗalibai Hausawa masu karatun ilimin duwatsu da ma'adinai a Jamus ta gudanar a bana.

Taron wata-wata ta intanet bai yanke ba, kuma an tarbi sababbin zuwa, an taya su neman masauki. Babban aikin shekarar dai shi ne ziyarar yankin Mansfeld da Sangerhausen, a gindin tsaunukan Harz, inda aka shafe kusan shekara 800 ana haƙar tagulla.

A ƙauyen Wettelrode, kusa da Sangerhausen, aka saukar da mu rami mai zurfin mita 283. Jagoranmu ya haska bango ya nuna mana Kupferschiefer, baƙin dutsen laka mai falle-falle wanda kaurinsa bai kai rabin mita ba. Laka ce da ta kwanta a ƙasan teku shekara miliyan 250 da ɗoriya. Ido ba ya ganin tagullar, don ƙwayoyinta mitsi-mitsi ne, a warwatse cikin dutsen. Da yake dutsen siriri ne, a kwance mahaƙan da suke sara, kan haƙarƙari ɗaya, yara kuma su ja amalanken da aka ɗaure musu a ƙafa suna rarrafe. Wasunmu sun gwada kutsawa irin wannan lungun, ba wanda ya jima a ciki.

Labarin da aka gada ya ce a 1199 aka fara, kusa da Hettstedt, inda dutsen ya leƙo sarari. Mahaifin Martin Luther, malamin Kirista Bajamushe da ya kawo sauyi a coci, shi ma sana'ar narka tagulla ya yi a Mansfeld. Aka yi ta bin dutsen yana nitsewa har aka rufe ramukan ƙarshe a 1990, bayan an samu tagulla kimanin tan miliyan 2.6 da azurfa tan 14,000.

Laccar da ta biyo baya, a ganina, ita ce ta fi amfani. Inda dutsen ya koma ja, abin da Jamusawa ke kira Rote Fäule, tagulla ba ta da yawa. A bakin iyakar jan ne take taruwa, darma da tutiya kuma sai can gaba. Ruwan gishiri mai ɗauke da ƙarafa ne ya taso daga jajayen duwatsun da ke ƙasa, da ya iso baƙar laka sai ya sauke kayansa. Wanda ya gane haka ya san inda zai kafa injin huda. Wannan baƙin dutsen na Kupferschiefer ne masanin duwatsu Jan Wyżykowski ya huda ya tarar da tagulla a 1957 kusa da Lubin a Folan, a zurfin sama da mita 600, kuma har yau ana haƙa a can.

Lubin ɗin muke son zuwa baɗi in Allah ya kai mu, amma asusu ya yi ƙasa. Kuɗin jirgin ƙasa na bana wasu mambobi ne suka cika daga aljihunsu, Allah ya saka musu da alheri. Waɗanda ake bi kuɗin wata-wata su daure su biya wa ma'aji kafin taron farko, don a lokacin za a tsayar da ranar tafiya.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya