Wasiƙa zuwa ga ɗana game da littafin Durkheim

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Saƙonka ya iso, inda ka ce an ba ku littafin Emile Durkheim a kan masu hallaka kansu, kuma zuciyarka ba ta kwanta da shi ba, domin a ganinka ya sauke laifi daga kan mutum ya ɗora wa al'umma. Na ga ya fi kyau in amsa maka a rubuce, saboda magana ce da ba ta ƙarewa a waya.

Ka fara da gane tambayar da mutumin ya sa a gaba. Lokacin da littafin ya fito a Faransa a 1897, ilimin zamantakewar al'umma bai daɗe da samun sunan da masanin falsafa Auguste Comte ya raɗa masa ba, kuma masana da yawa ba su yarda yana da abin nazari nasa na kansa ba. Shi ya sa Durkheim, wanda yake koyarwa a Bordeaux, ya zaɓi aikin da kowa yake ɗauka sirrin mutum ɗaya ne, don ya nuna cewa ko a nan ma akwai hannun jama'a. Likita Esquirol ya danganta abin da taɓin hankali, wasu suka ce gado ne ko yanayin zafi da sanyi, mabiya Gabriel Tarde kuma suka ce kwaikwayo ne. Durkheim kuwa ya lura cewa adadin masu hallaka kansu da ake samu a kowace ƙasa ba ya canzawa sosai daga shekara zuwa shekara, alhali waɗanda suka mutu bana ba su san na bara ba, sannan tsakanin wata ƙasa da wata akwai tazara mai yawa. Wannan adadi yake neman bayaninsa, bai ce zai faɗi abin da ke cikin zuciyar wane ko wance ba.

Da ya bi alƙaluman Turai, tare da taimakon ɗan 'yar'uwarsa Marcel Mauss, sai ya tarar abin ya fi yawa ga marasa aure fiye da masu aure, ya fi sauƙi ga masu 'ya'ya, yana kuma raguwa a lokacin yaƙi ko rikicin siyasa irin na 1848, sa'ad da mutane suke haɗa kai a kan manufa guda. Wurin da nake so ka tsaya ka yi nazari sosai shi ne batun addini. Furotesta sun fi Katolika yawan masu hallaka kansu, Yahudawa kuma su ne mafi ƙaranci, amma Furotesta da Katolika duk sun haramta aikin da ƙarfi ɗaya. Tun da haramcin ɗaya ne, in ji shi, bambancin yana cikin yadda kowace jama'a take riƙe ɗanta. Ka tuna saurayin da ya bar ƙauye ya kama ɗaki a birni, wanda zai kwana biyu bai ci abinci ba ba wanda ya sani, ka kwatanta shi da wanda in bai fito sallar Asuba ba maƙwabci zai ƙwanƙwasa masa ƙofa. Aƙidarsu ɗaya, amma tsaron da suke da shi ba ɗaya ba ne.

Durkheim ya kuma nuna cewa riƙon zai iya wuce kima, har mutum ya daina ganin darajar ransa, kuma da haka ya bayyana yawan abin a tsakanin sojoji. Sai kuma halin da doka da al'ada suka daina yi wa buri iyaka, kamar bayan karyewar kasuwar hannun jari a Biyana a 1873 da Paris a 1882. Abin da ya fi jan hankalina shi ne ya ga adadin yana hauhawa har a lokacin arzikin da ya zo bagatatan, domin mutum ya rasa ma'aunin da zai auna matsayinsa da shi. In ka karanta abin da Ibn Khaldun ya rubuta a kan asabiyya a 1377, za ka ga tunanin cewa ƙarfin jama'a yana cikin haɗin kanta ya girmi Turawan nan da ƙarnoni.

Game da imaninka, aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana kashe kai, kuma babu wani jadawalin lissafi da zai taɓa wannan hukunci. Hukunci abu ne daban, binciken sababi abu ne daban. Inda ban yarda da Durkheim ba shi ne yadda ya mayar da addini kacokan zuwa zaman jama'a, kuma kana da damar ka faɗi haka a takardar da za ka rubuta wa malaminku, muddin ka kawo hujja.

Kada kuma ka ɗauki alƙaluma kamar saukakku. Masanin zamantakewa Jack Douglas ya nuna a 1967 cewa mutane ne suke yanke abin da za a rubuta a takardar mutuwa, kuma iyalai suna ɓoyewa inda abin ya zama abin kunya. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin muna binne mamaci a ranar da ya rasu, sau da yawa ba tare da binciken likita ba, ga shi kuma sashe na 231 na kundin Penal Code, wato dokar laifuka ta Arewacin Najeriya, ya sa yunƙurin hallaka kai ya zama laifi, yayin da Ghana ta soke irin wannan doka a 2023. Saboda haka in ka ji an ce mu ba mu da wannan matsala, ka tambaya wa ya ƙidaya, kuma ta yaya.

In kuwa a ɗakin kwananku ka ga wani ya janye jikinsa daga mutane, ya daina zuwa aji, ko yana cewa ya gaji da duniya, kada ka tsaya auna shi da rabe-raben Durkheim. Ka zauna da shi, ka saurare shi, ka raka shi asibitin makaranta, ka kuma sanar da wani babba nasa. Idan ka gama rubuta takardar, ka turo mini in duba kafin ka miƙa wa malaminku.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka