Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga mai tambaya a kan zare bindiga a tsakiyar rigima

Assalamu alaikum, ɗan'uwa.

Tunda a bainar jama'a ka yi mini tambayar, a nan zan amsa maka. Ka ce kana da bindigar farauta mai lasisi, kana so ka sani ko akwai laifi idan cacar baki ta haɗa ka da wani har ya bangaje ka, kai kuma ka zaro ta don ka razana shi kawai, ba da niyyar harbi ba.

Akwai laifi. A ganina duk halin da doka ba za ta ba ka uzurin harbi ba, ba za ta ba ka uzurin nuna mutum da bakin bindiga ba, kuma bangaza ba ta kai wannan matsayi ba.

Ka duba abin da ya faru a garin Clearwater na jihar Florida a Amurka ranar 19 ga Yuli, 2018. Michael Drejka ya tsaya yana yi wa wata mata faɗa a ƙofar shago saboda ta ajiye mota a gurbin da aka keɓe wa naƙasassu. Uban 'ya'yanta, Markeis McGlockton, ya fito ya ture shi har ƙasa. Yana zaune a ƙasan ya zaro ƙaramar bindigarsa, wadda yake da izinin yawo da ita, ya harbe shi sau ɗaya a ƙirji, ya mutu. Tun 2005 dokar Florida ta ɗauke wa wanda aka kai wa hari wajibcin ja da baya, shi ya sa da farko 'yan sanda suka ƙi kama Drejka. Amma kyamarar shagon ta nuna McGlockton yana ja da baya da ya ga bindigar, kuma 'yan daƙiƙu ne tsakanin zarewa da harbi. A 2019 kotu ta same shi da laifin kisa, aka ɗaure shi shekara 20. Babu wanda ya musanta cewa shi aka fara turewa. Abin da aka auna shi ne ko ransa yana cikin haɗari a lokacin da ya danna kunamar.

Idan haka ta kasance a inda doka ta fi sassauci, to a Arewacin Najeriya abin ya fi tsauri. Final Kod na 1960, wato kundin dokokin hukunta laifuka na Arewa, ya amince da haƙƙin kare kai daga sashe na 59 zuwa gaba (jihohin da suka sabunta nasu, kamar Kaduna a 2017, sun sauya lambobin sassan), amma ya gindaya sharaɗi biyu da mutane suke yawan mantawa: kada cutarwar ta wuce abin da kariyar take buƙata, kuma babu wannan haƙƙi idan akwai sararin neman agajin hukuma. Kisa kuwa sai inda ake fargabar rasa rai ko mummunan rauni da makamantansu. Ko ba ka harba ba, nunin da kansa ya isa a tuhume ka da barazana.

Ta fuskar addini, Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai sani ba ko Shaiɗan ya fizgi hannunsa. Hanin bai tsaya ga mai niyyar kisa ba. Mai fushi ba ya da cikakken iko da yatsarsa, sannan wanda ka nuna bai san abin da yake zuciyarka ba. Idan shi ma yana ɗauke da makami, ka ba shi hujjar cewa kansa ya kare.

Game da lasisin da ka ambata, izinin mallaka ne kawai, kuma wanda ya bayar yana da ikon janyewa. Dokar Makamai ta 1959 ta hana a bai wa wanda aka samu da laifin tayar da hankali, ko barazanar yin haka, lasisi a cikin shekara 5 da hukuncin.

Wassalam,
Ɗan'uwanka.