A Riƙa Kiran Sunayen Sojojin Da Suka Ɓace

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan Ranar Tunawa da Sojoji ta 15 ga Janairu, yadda manya suka ajiye furanni a dandalin Tafawa Balewa nan Legas. Abu ya yi kyau, amma ban ji an ambaci waɗanda suka tafi fagen daga ba a ga gawarsu ba kuma ba su dawo ba.

Tun daga yaƙin Bama da kakanninmu suka je, zuwa yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da Laberiya da Saliyo, har Borno yanzu, akwai irinsu. Wanda aka binne an yi masa sallah an yi sadakar uku, shi kuwa wannan matarsa ba ta san ko ta shiga takaba ba, gado ba ya rabuwa, maganar fansho kuma sai a ce kawo shaidar mutuwa, to ina za ta samo? A nan Agege akwai wata dattijuwa da har yau hular mijinta na rataye a ɗakinta.

Don Allah hedkwatar tsaro ta fitar da sunayensu a rubuta a bango a dandalin, a kuma sa wa'adin da in ya cika za a ba iyali takarda su karɓi haƙƙinsu.

Mai karatunku,
daga Agege, Legas