Zaizaya daban, ambaliya daban

Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni fili in yi magana kan kalmar zaizaya, don na lura a rediyo da jaridu an haɗe ta da ambaliya da kwararowar hamada kamar duk abu guda ne, alhali manoma nan Sakkwato kowace da sunanta suke kiranta.

Ambaliya dare ɗaya take zuwa, irin ta 2010 da gulbin Rima ya cika ya batse har ya yanke hanyar jami'ar Usmanu Danfodiyo, kowa ya gani da idonai. Ita ko zaizaya a hankali take ci. Duk wanda ya taɓa jan ruwa a tsohuwar rijiya ya ga yadda igiyar guga ta yi wa itacen bakin rijiya zane har yatsa na shiga ciki, to ma'anar ke nan. Taya in ta tsufa mu ce ta suɗe, zane ya koɗe, gindin katangar laka kuma inda indararo ke zuba mu ce ya zaizaye, shi ya sa ake yaɓe kafin damina.

A gona ma mataki mataki ne. Farko ruwa ya wanke gona, wato ya ɗauke ƙasar sama mai taki, gero ya fito rawaya rawaya mai gona na ɗora laifi ga iri. In anka ƙyale sai wurin ya koma fako, ka sara da kalme ya dawo maka. Daga nan 'yar hanyar ruwa da yaro ke tsallakewa ta zama kwazazzabo, gaɓa ta riƙa zabtarewa kowace shekara. Gonar da munka gada wurin mahaifinmu haka ta yi, ina yaro muna tsallake ramin da gudu, yau raƙumi zai shige ciki ba a ganin tozonai, wallahi duk sanda na je sai raina ya ɓaci.

Kuma da hannunmu a ciki. Muna kwashe kara kakaf bayan girbi mu bar ƙasa tsirara iskar hunturu ta yi ta ɗiba, muna sare gawo da sabara, ga tifofi na ɗiban yashi a bakin rafi ba dare ba rana.

Na ji akwai shirin ACReSAL na Bankin Duniya, wato shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace, dala miliyan 700 ga jihohin arewa 19 da Abuja. Roƙona masu wayar da kai su riƙa yi wa manomi magana da kalmomin da ya sani, a ce mai in ka ga ruwan gonarka na fita jajawur to ƙasarka ce ke tafiya, ka jera duwatsu ka dasa gamba tun rami bai kai gwiwa ba.

Naku mai karatu, daga Sakkwato.