Wasiƙa kan kyanwarka mai jego da 'ya'yanta

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali baki ɗaya. Saƙonka ya iso, na kuma ji daɗin labarin cewa kyanwar nan taka ta sauka lafiya, har 'ya'ya huɗu. Barka da arziki. Ka ce ka rasa ta inda za ka fara, shi ya sa na zauna na rubuto maka a tsanake, tunda nisa ba zai bari in zo in gan su da idona ba.

Da farko ka rage sa musu hannu. A makonni ukun farko uwar ce ke yin kusan komai: ta shayar, ta ɗumama su, ta lashe musu gindi su yi fitsari da kashi, don su kaɗai ba sa iyawa. Naka aikin shi ne wurin kwana, abincinta, da sa ido. Samo kwali mai faɗin da za ta miƙe a ciki, ka rage tsayin gefe ɗaya zuwa kamar santimita 10 ko 15, yadda ita za ta tsallaka amma jariran ba za su mirgino waje ba. Shimfiɗa tawul ko tsumma mai laushi wanda bai zazzage ba, domin zare ɗaya in ya naɗe wa jariri ƙafa yana iya tsayar da jini. Ka ajiye kwalin a lungu mai ɗan duhu, inda iska ba ta bugawa, nesa da kare da muzuru da hayaniyar yara. In ka ga ta fara ɗaukar su da baki tana canja musu wuri, to an dame ta ne ko shimfiɗar ta ƙazantu. Kada ka yi ta mayar da su. In sabon wurin ba shi da hatsari, kai mata kwalin can.

Ka tabbata naƙudar ta ƙare. Kyanwa takan huta tsakanin haihuwa, wani lokaci har yini guda, tana shayarwa hankalinta kwance, sannan ta ƙaro wani. Wannan ba komai. Amma in tana nishi da yunƙuri minti 20 zuwa 30 ba abin da ya fito, sai likitan dabbobi a lokacin.

Sanyi ne babban abin da nake ji musu tsoro. Jaririn kyanwa ba ya iya riƙe zafin jikinsa sai ya kai mako uku zuwa huɗu. A makon farko cikin kwalin yana son digiri 29 zuwa 32 a ma'aunin Selsiyas duk lokacin da uwar ta tashi. In ɗakin da sanyi, cika gora da ruwan ɗumi, naɗe ta da tawul, ka sa a gefe ɗaya kawai, don wanda zafi ya ishe shi ya rarrafa ya matsa. Yanayin kwanciyarsu zai gaya maka gaskiya. In sun cure wuri ɗaya suna kuka, sanyi suke ji. In sun warwatsu baki a buɗe, zafi ya yi yawa. In sun jeru a jikin uwar sun yi shiru, jikinsu na ɗan zabura cikin barci, lafiya lau.

Nonon farko, wato daƙashi, shi ke ba su kariya daga cututtuka, kuma hanjinsu na karɓar wannan kariyar ne a yinin farko kaɗai. In akwai wanda 'yan'uwansa ke turewa, ɗauke shi a hankali ka ɗora shi a nonon uwar.

Abin da na fi so ka riƙe a wasiƙar nan shi ne sikeli. Ido yana yaudara. Jaririn da ke ramewa kan yi kama da mai lafiya har sai abu ya yi nisa. Nemi ƙaramin sikeli mai auna giram, ka sa kwano da tsumma a kai, ka auna kowanne sau ɗaya a rana, lokaci ɗaya, a gaban uwar, ka mayar mata da shi nan take. Ka wanke hannu kafin ka taɓa su. Akan haife su da nauyin giram 85 zuwa 115, kuma kowace rana su ƙara giram 10 zuwa 15, ta yadda cikin mako guda zuwa kwana goma nauyin zai ninka. Rubuta a takarda, kowa da layinsa. In launinsu ya zo ɗaya, ka nemi wata alama a jikin kowanne da za ka riƙa gane shi. Wanda ya yi kwana biyu bai ƙaru ba, ko nauyinsa ya ragu, yana bukatar taimako a ranar, ko da kuwa ka gan shi manne da nono.

Taimakon kuwa yana da tsari. Taɓa tafin ƙafarsa da cikin bakinsa. In da sanyi, kada ka ba shi komai tukuna, domin cikin jaririn da ya yi sanyi ba ya narkar da madara, sai ta tsaya ta kumbura shi. Sa shi cikin rigarka a jikin fatarka ya ɗumama a hankali, kamar awa guda ko biyu. In ya yi laushi sosai, shafa masa ɗigon ruwan sukari a dasashi. Bayan ya ɗumama sai madara, kuma madarar da aka haɗa domin 'ya'yan kyanwa, wadda ake samu wurin likitocin dabbobi. Madarar shanu tana sa su zawo, sinadaranta kuma ba sa isar su, zawo kuwa kan busar da jariri cikin sa'o'i. Haɗa ta yadda aka rubuta a gwangwani, ka ɗiga a bayan hannunka ka ji ɗumi kawai. Kwantar da shi rub da ciki, yadda yake kwanciya a jikin uwarsa, ka ba shi da ƙaramar kwalbar shayarwa ko sirinji marar allura, ɗigo-ɗigo. In ka rungume shi rigingine kamar ɗan mutum zai ƙware, madarar ta shiga huhu. Cikinsa na ɗaukar kamar mililita 4 a kowane giram 100 na nauyinsa, kuma a makon farko kowace awa biyu zuwa uku ake ba shi, har da dare. In uwar ba ta lasarsa, jiƙa auduga da ruwan ɗumi ka shafa masa gindi bayan kowace shayarwa har ya yi fitsari.

Ita mai jegon, cinta zai ninka biyu har uku, musamman a mako na uku da na huɗu. Ka ba ta abincin da aka yi domin ƙananan kyanwoyi, ya fi ƙarfi, kada kuma ka ƙayyade mata. Abinci da ruwa mai tsabta da kwanon rairayin bayan gidanta duk su kasance kusa, don ba ta son yin nisa.

Kullum ka duba ta. Jinin biƙi ja mai duhu, kaɗan-kaɗan, marar wari, yana iya kai mako uku. In ya yi wari, ko mugunya ta fito, ta daina ci, ta ƙyale 'ya'yan, to mahaifa ta kamu da cuta, sau da yawa saboda mabiya da ta maƙale. Shafa nonuwanta: wanda ya yi tauri, ya yi zafi, ya yi ja ko shuɗi-shuɗi, ciwon nono ne. In kuma ka ga tana haki, tana rawar jiki, ƙafafu sun sage tana tangaɗi, sinadarin kalsiyam ne ya ragu ƙwarai a jininta saboda shayarwa, kuma jijjiga na iya biyo baya. Duk ukun nan ba a kwana da su, sai likitan dabbobi nan take.

Don Allah kada ka ba ta maganin mutane. Farasitamol ƙwaya ɗaya na iya kashe kyanwa. Haka maganin ƙuma na karnuka mai ɗauke da sinadarin famitirin (permethrin) guba ne a gare ta. Ƙuma kuwa ba abin rainawa ba ce a jikin halittar da ba ta fi giram 100 ba. Takan shanye jini har dasashi ya yi fari. Ka taje jariran da mataji mai ƙananan haƙora, kana tsoma shi a ruwan sabulu, ka wanke shimfiɗa da ruwan zafi, maganin uwar kuma likita ya zaɓa.

Cibiya za ta bushe ta faɗi da kanta cikin kwana uku zuwa biyar, kada a ja. Ido zai buɗe tsakanin kwana 7 da 14, kada a ɓare shi; in fatar idon ta kumbura ko kwantsa mai kauri na fita, a kai shi a duba. Wajen mako uku ka tambayi likita maganin tsutsar ciki, don suna ɗaukarta ta nono, a ba uwar ma. Daga mako biyu zuwa bakwai ne suke sabawa da mutum, a nan sai yara su riƙa ɗaukar su a hankali, 'yan mintoci kullum. A mako na huɗu ka fara sa musu abinci mai ruwa-ruwa a faranti marar zurfi, da kwanon bayan gida mai rairayin da ba ya dunƙulewa, domin sukan ɗanɗana shi. Rigakafin farko wajen mako takwas ne, a maimaita bayan mako uku zuwa huɗu. Na san masu roƙo za su yi maka yawa, amma kada ka raba su da uwar kafin mako takwas, in da hali ma su kai sha biyu.

Ka hana ta fita. Tana iya ɗaukar wani cikin tun tana shayarwa, jikinta bai murmure ba. Bayan yaye ka yi magana da likita kan tiyatar hana haihuwa, su ma 'ya'yan matan daga wata huɗu suna iya ɗaukar ciki.

Ka aiko min da nauyinsu na kwana ukun farko mu duba tare, da hoton nonuwan uwar in ka ga abin da bai kwanta maka ba. A gaida mutanen gida da yara.

Naka amini.