Zuwa ga aminiyata, a kan zaman safe da na'ura

Assalamu alaikum Malama,

Ina gajiya, ya aiki, ya yaran gida da na aji? Da fatan kowa yana lafiya. Saƙonki ya iso. Kin ce an kafa muku majigi da allon zamani, an kuma umarce ku da amfani da su a zaman safe, ke kuwa kina gudun kada zaman ya koma kallon talabijin. Wallahi tsoronki yana kan hanya.

Ki tuna inda zaman nan ya samo asali. Tsarin Responsive Classroom ne ya yaɗa shi, wanda wasu malamai suka assasa a jihar Massachusetts ta Amurka a 1981. Kashi huɗu gare shi: gaisuwa, ba da labari, wasan haɗin gwiwa, sai saƙon safe da malami ke rubutawa, duka cikin minti 20 zuwa 30, yara na zaune a da'ira don kowa ya ga fuskar kowa. To da zarar allo ya haska, da'ira ta watse, kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya. Shi ya sa ni a lokacin gaisuwa komai a kashe yake. Yaro ya dubi na kusa da shi, ya kira sunansa, ya ji an kira nasa. Wannan ba aikin na'ura ba ne.

Inda ta yi min rana shi ne wajen yaran da ba sa buɗe baki. Kin san su, kowane aji yana da su: ana ba da labari masu surutu sun cika wuri, su kuwa sun sunkuyar da kai suna wasa da yatsu. Akwai manhajar da ake kira Plickers, kuma abin da ya sa nake son ta shi ne ba ta buƙatar yaro ya riƙe waya ko kwamfuta. Kati ake bugawa a takarda, kowane yaro da nasa mai zane daban, gefensa huɗu kuma suna ɗauke da A, B, C da D. Yaro ya juya gefen da ya zaɓa sama ya ɗaga, ke kuma ki bi ajin da kyamarar wayarki, nan take amsoshi su shigo. Haruffan ƙanana ne, na kusa da shi ba zai gane me ya zaɓa ba. Sai in tambaye su yadda suka tashi: cikin farin ciki, da gajiya, da damuwa, ko ba sa son faɗa. A allo jimilla kawai nake nunawa, babu suna, mu ɗan tattauna me ke sa mutum ya tashi da gajiya. A wayata kuwa ina ganin wanda ya ce yana da damuwa, in ja shi gefe lokacin tara. Yarinyar da ba za ta taɓa ɗaga hannu a gaban jama'a ba, sai ga ta tana ɗaga kati, daga baya kuma bakin ya buɗe.

Na san za a tallata miki Kahoot!, manhajar gasar tambaya da amsa wadda aka ƙirƙira a Norway ta fito a 2013. Yara na son ta sosai, amma maki take ƙara wa wanda ya fi saurin amsawa, don haka masu zafin nama ne ke cinyewa kullum. Ki ajiye ta don bitar darasi. Da sassafe ba na son yaro ya fara yininsa da ganin sunansa a ƙasa.

Saƙon safe kuwa majigi ya dace da shi. Ki bar gurbin kalma yara su fito su cike, ko ki sa hoto guda ki tambaye su me suka lura da shi. Wani lokaci mukan leƙa wani wuri a Google Earth, manhajar taswirar duniya, na minti biyu, in kashe, mu koma da'ira kowa ya gaya wa na gefensa abin da ya gani. Kashewar nan ce mai wuya, don za su yi ta roƙo a ƙara.

Kada dai ki jingina tsarinki duka a kan manhaja ɗaya. Malamai da yawa sun saba da Jamboard ta Google da Flip ta Microsoft, aka rufe su duka biyu a 2024, aka bar su da neman mafita. Idan shugabarku ta matsa sai an kunna allo kowace safiya, ki nuna mata rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a harkar ilimi, wanda ya ce a shigo da na'ura aji ne kawai inda take taimakon koyo. Hoton yara da muryarsu kuma kada su shiga intanet ba da izinin iyaye ba.

Ki rubuto min yawan ɗalibanki, don katunan Plickers 63 ne iyakarsu, in gaya miki yadda nake rabawa. Ki gaishe min da maigida da yara.

Taki,
Aminiyarki