Ga masu neman littafin sauraro

Assalamu alaikum ƴan uwa. Masu tambayar abin da za su saurara, ku nemi karatun Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Hajiyarmu idonta ya yi rauni, kullum bayan isha'i nakan ajiye mata waya kusa da matashi, ta yi ta dariyar wayon aku har barci ya kwashe ta.

Amma ku zaɓi mai karatu. Wanda ba ya gaggawa, yana numfasawa inda ya dace, muryar Sarki daban, ta Waziri daban. Wanda kiɗa ya danne muryarsa kuwa, ciwon kai kawai zai sa muku.

Mai turo mana wani karatun ya turo ranar Juma'a, kada ya wuce minti 20, don Allah, saboda masu ƙarancin data.